Auta da fim ɗinsa na makaɗan rock

Wallahi ƙanina ya ishe ni. Kullum bayan isha'i ina shan iska a ƙofar gida, sai ya zo da labarin fim ɗin da zai yi: samari huɗu masu jita sun yi suna, kuɗi ya shigo, faɗa ya raba su. Wai irin Beatles, 'yan Liverpool da suka watse a 1970.

Na ce, "Auta, kai da ko kalangu ba ka iya bugawa?"

Ya ce, "Yaya, a Zoo Road zan samu furodusa."

Jiya ma sai da ya ranci dubu biyu kuɗin Adaidaita Sahu. Labarin kuwa bai wuce shafi ɗaya ba, shi ma daga littafin makarantar 'yata ya yago takardar.