Delamere da ƙasar Masai

Duk sanda na ji ana yabon Lord Delamere wai shi ne jarumin manomin da ya raya Kenya, sai raina ya sosu. Ba ƙarya ake masa ba, mutumin ya sha wuya. A 1903 gwamnatin mulkin mallaka ta ba shi hayar eka 100,000 a Njoro. Ya shigo da tumaki, suka mutu. Ya zuba shanu, cutar kaska ta kwashe su. Ya shuka alkama, cutar tsatsa ta cinye ta. Har gidan gadonsu na Vale Royal da ke Ingila ya jinginar don ya ci gaba. Matarsa Florence, 'yar gidan sarauta, ta baro daula ta zauna da shi a bukkar laka, ta rasu a 1914.

To amma jama'a, wa ke faɗuwa sau uku ya miƙe? Sai mai gidan jinginarwa, wanda gwamna ke amsa sallamarsa. Ga ƙasa an miƙa masa a araha. Su kuwa Masai, makiyayan yankin, da yarjejeniyar 1904 aka tashe su daga makiyayar kwarin Rift zuwa Laikipia, a 1911 aka sake kora su daga Laikipia zuwa kudu, dabbobi na mutuwa a hanya. Babu bankin da ya ba su rance su sake gwadawa. Af, gwamnan da aka yi korar ta biyu a hannunsa, Percy Girouard, daga Arewacin Najeriya aka ɗauke shi zuwa can a 1909.

Ana cewa ai Delamere yana son Masai, har yarensu yana ji. Na yarda. Sai dai kura ma ta san hanyar garke.

Ya mutu a 1931. Bayan 'yancin kai a 1963 an sauke gunkinsa daga tsakiyar Nairobi, titin da ke ɗauke da sunansa ya koma na Kenyatta, shugaban Kenya na farko. Gonar Soysambu kuwa, a bakin tafkin Elmenteita, tana nan hannun zuriyarsa. A cikinta ne tattaɓa kunnensa Tom Cholmondeley ya harbe wani jami'in kula da namun daji a 2005, aka janye ƙarar. Shekara na zagayowa ya sake harbe wani magini da ya zarga da farauta a gonar. A 2009 kotu ta same shi da laifin kisa ba da gangan ba, ta yanke masa wata takwas.