Tsakanin benayen Songdo da motocin bas na Seoul

Duk lokacin da wani gwamna ko minista a Najeriya ya yi alkawarin gina birni mai aiki da fasahar zamani, hoton da ake nunawa kusan iri ɗaya ne: dogayen benaye na gilashi, tituna fetal babu kwata babu bola, da wani ɗaki cike da manyan allunan talabijin inda ma'aikata suke kallon gari baki ɗaya. Ni da nake zaune a Koriya ta Kudu na san inda ake aro wannan hoto, domin garin Songdo da ake yawan buga misali da shi yana nan a Incheon, yamma da Seoul.

Songdo fili ne da aka samar ta hanyar cike bakin teku, aka fara gininsa a farkon shekarun 2000, aka kuma haɗa shi da filin jirgin saman Incheon da gada mai tsawon kimanin kilomita 21 wadda aka buɗe a 2009. A yawancin gine-ginensa motar kwasar shara ba ta zuwa ƙofar gida. Mutum zai jefa ledarsa a wata kafa, iska ta zuƙe ta cikin bututun ƙarƙashin ƙasa har zuwa matattara. Abin yana burge baƙo, babu shakka. Amma garin ya yi shekaru shiru kamar an yi ruwa an ɗauke, kamfanonin ƙasashen waje ba su yi tururuwa yadda aka yi hasashe ba, kuma waɗanda suka cika shi daga baya galibi iyalai ne masu hali da suka biyo sababbin gidaje da makarantu.

A ganina, aikin da ya fi cancanta mu dubawa an yi shi ne a tsohon gari, wato Seoul, kuma a kan motar bas. Kafin 2004 kamfanoni masu zaman kansu ne suke riƙe da hanyoyin bas, kowanne yana samun kuɗi gwargwadon fasinjan da ya ɗiba, saboda haka direbobi suna rige-rige, hanyoyi masu riba sun cika, unguwannin da babu riba kuma an yi watsi da su. A ranar 1 ga Yuli, 2004, zamanin magajin gari Lee Myung-bak, hukumar birnin ta karɓe ikon tsara hanyoyi, aka tara kuɗin mota a asusu guda, aka koma biyan kamfanoni bisa nisan da motocinsu suka yi. Aka raba motoci da launi, shuɗi na manyan hanyoyi, kore na cikin unguwa, ja na zuwa garuruwan kewaye, rawaya na zagaye, aka kuma ware musu layi a tsakiyar titi. A kan wannan tsari aka ɗora katin biyan kuɗin mota na T-money, wanda da shi fasinja zai sauka daga bas ya shiga jirgin ƙasa cikin minti 30 ba tare da ya sake biyan kuɗi daga farko ba. Kwanakin farko rikici aka sha, har sai da magajin garin ya fito ya ba jama'a haƙuri.

Yau tsohuwa mai jan kekenta na cefane za ta tsaya a tasha ta ɗaga kai, allo ya gaya mata saura minti uku motarta ta iso, ya kuma nuna mata ko da cunkoso a ciki. A 2013 ma, da aka tashi fitar da motocin tsakar dare, an yi nazarin bayanan kiran waya kusan biliyan 3 daga kamfanin sadarwa na KT domin a gane inda mutane suke taruwa da dare da inda suke komawa kwana.

Idan na juya ga Kano, sai in ga matsalar ta yi kama da ta Seoul ta da fiye da yadda muke zato. Tun da aka hana acaɓa ɗaukar fasinja a 2013, adaidaita sahu ce ta ɗauki nauyin garin, kuma direban da zai kai balas ga mai mashin kowace yamma dole ya tsaya duk inda aka ɗaga masa hannu, ko da a tsakiyar shataletale ne. Babu wata manhajar waya ko kamarar kan titi da za ta canza wannan lissafi muddin abincinsa yana rataye da yawan kawunan da ya ɗauka. Haka nan danja ba ta aiki sai da wutar da ba ta ɗaukewa, taswirar kwamfuta kuma ba ta da amfani sosai a unguwar da har yanzu ake kwatancen gida da cewa bayan gidan mai, layi na biyu, kusa da mai shayi. Ɗora na'urori a kan irin wannan yanayi kitso ne da ƙwarƙwata.

Shi ya sa ba na ɗokin sababbin biranen da ake zana mana a bayan gari. Centenary City da aka ƙaddamar a Abuja a 2014 ta daɗe tana kan takarda, Eko Atlantic ta Legas kuwa, wadda ita ma cike teku aka yi kamar Songdo, ba domin mai sayar da kayan miya aka tsara ta ba. Da a ce kuɗin da ake son zubawa a irin waɗannan wurare za a karkatar da wani kaso nasa wajen sanya wa tituna suna da gidaje lamba, da zama da ƙungiyoyin direbobi a fitar da hanyoyi tabbatattu daga Bata zuwa Kabuga ko daga 'Yankaba zuwa Sabon Gari, da an samu abin da fasaha za ta hau kansa. Sai dai tsarin Seoul ba kyauta ba ne: kuɗin da fasinjoji suke biya ba ya isa, hukumar birnin ce take cike giɓin kowace shekara daga baitulmalinta, kuma kamfanonin sun amince ne saboda sun tabbata za a biya su a kan lokaci. Duk gwamnatin da za ta kwaikwayi tsarin a Kano sai ta fara shawo kan masu mashin da direbobi su yarda cewa ita ma za ta riƙa biya wata bayan wata, har bayan an canza gwamna.