Na Ci Gardama, Ɗan'uwana Yana Kwana a Barandar Asibiti

Salama gare ku, 'yan'uwa cikin Almasihu. Barci ya ƙi zuwa, shi ya sa na ɗauki waya. Faɗan yau da kaina zan fara, amma duk wanda ya ji bulalar ta taɓa shi, kada ya goce.

Makonni huɗu da suka wuce, wani ɗan'uwa ya tura bidiyo a zaurenmu na WhatsApp na Zumuntar Maza. Irin wanda kuka sani ne: mutum cikin farar kwat, yana ɗaga 'yar kwalbar mai, yana rantsuwa cewa duk wanda ya shuka iri ya karɓi man nan, ciwon gidansa ya ƙare. A ƙasan bidiyon ɗan'uwan ya rubuta, "Ku taya ni duba wannan." Kalma biyar ke nan, ba ƙari.

Ni kuwa, malamin nazarin Littafi Mai Tsarki na ranar Laraba, sai na gyara zama. Na kawo Siman mai sihiri na Ayyukan Manzanni sura 8, wanda ya miƙa kuɗi don ya sayi baiwar Allah, Bitrus ya ce kuɗinsa su hallaka tare da shi. Na kawo Gehazi da ya bi Na'aman a guje saboda azurfa da tufafi, ya dawo da kuturta. Na kawo Matiyu 10:8, inda Yesu ya ce kyauta kuka samu, ku bayar kyauta. Duk daidai, ko yau ba zan goge aya ɗaya ba. Da na tsaya a nan, da sauƙi. Sai na ƙara da cewa abin kunya ne mutum ya shekara ashirin a ikilisiya har yanzu yana shan nono. A gaban maza kusan sittin na faɗi haka. Saƙonni suka yi ta shigowa: "Faɗa musu, Malam!" "Wuta!" Na kwanta ina jin kaina kamar Iliya a Dutsen Karmel.

Bai ce uffan ba. Kafin gari ya waye ya fita daga zauren. Lahadi uku a jere, wurin zamansa na jikin taga babu kowa. Na lura, kada in yi muku ƙarya. Na ce a raina ai gaskiya ɗaci gare ta, in ya huce zai dawo.

Jiya da yamma na shiga asibiti duba wani abokin aiki. Ina fitowa sai na hango mutum zaune a baranda kan tabarma, ga bokiti, ga filas, ga bargo a naɗe. Shi ne. Ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Ya miƙe ya ba ni hannu biyu, ya ce, "Sannu da zuwa, Malam. Wa ka zo dubawa?"

Tambayar nan ta soke ni, domin ya san ba wurinsa na zo ba.

'Yarsa ta biyu ce kwance, mai sikila. Sanyin hunturun nan ne ya tayar da ciwon, an ƙara mata jini leda biyu. Babur ɗin da yake neman abinci da shi ya sayar. A kan wannan tabarmar ya tura bidiyon, cikin dare, yarinya tana kukan ciwon ƙashi a ciki, shi kuma ba abin da zai iya yi mata. Ya ce, "Malam, abin da ka rubuta gaskiya ne. Ban sayi man ba. Tambaya kawai na yi." Ya ɗan yi shiru, sannan ya ce ledar jini ta farko maƙwabcinsa mai shago ne ya bayar, wanda ba ma addininmu ɗaya ba.

Gidana a unguwar Tumfure yake, a Gombe. Daga ƙofata zuwa tasa bai kai tafiyar minti goma da ƙafa ba. Na san Helenancin kalmar zumunci, na koyar da ita a allo, amma ban san 'yar ɗan'uwana ta kusa wata guda a gadon asibiti ba. Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa zai kama. Mutumin nan ruwa ke cinsa, ya ɗago kai yana tambayarmu ko abin da ake miƙo masa takobi ne, ni kuma na tsaya a bakin gaɓa ina karanta masa laifin kama takobi.

Kada wani ya ɗauki maganata ya kai ta inda ban aike ta ba. Sayar da mai da sunan Yesu sata ce, kuma wanda ya ga ana yi wa ɗan'uwansa sata ya yi shiru don kada a ɓata, ba ƙaunarsa yake yi ba, tsoro yake ji. A Wahayin Yahaya, Ubangiji ya yabi ikilisiyar Tiyatira saboda ƙauna da hidima, amma ya tsauta mata don ta ƙyale mai koyarwar ƙarya tana ɓad da bayinsa. Akwai masu wannan ciwon a cikinmu, masu "a bar kaza cikin gashinta" ko da gida na cin wuta. Wata rana za mu yi maganarsu.

Namu ciwon, mu da muka tashi a tsofaffin ikilisiyoyi muna taƙama da sahihiyar koyarwa, na Afisa ne. Ku buɗe Wahayin Yahaya sura 2 ku karanta da kanku. Mutanen nan sun gwada masu kiran kansu manzanni, sun gane na ƙarya ne. Ba sa jure wa mugaye. Sun yi haƙuri, ba su gaji ba. Da a Gombe suke, da su za mu riƙa gayyata su koyar a taronmu na shekara. Duk da haka Ubangiji ya ce sun bar ƙaunarsu ta fari, kuma in ba su tuba ba zai kawar da fitilarsu daga wurinta. Ikilisiyar da ta ci jarrabawar koyarwa ce ake yi wa wannan gargaɗi, 'yan'uwa. Ni dai jiya a barandar nan na ji shi kamar da sunana aka rubuta.

Kuma ba ni kaɗai ba ne, bari mu faɗa wa juna gaskiya.

Yarinya ta yi ciki, an sa ta ƙarƙashin horo, an mai da ita bencin baya. To, horo yana cikin Littafi. Amma wata shida tana zaune a can, wace uwa ce daga Zumuntar Mata ta taka zuwa ɗakinta? Ranar da aka karanta sunanta coci ya cika, har da waɗanda ba su saba zuwa da wuri ba. Ranar da ta haihu, mutum nawa suka je barka? Galatiyawa 6:1 cewa ta yi a maido da wanda ya faɗi cikin tawali'u, kana lura da kanka. Mu mun iya rabin farko na horo, wato zaunarwa. Tayarwar ce ba mu koya ba.

Saurayi ya koma wata majami'a inda ake kiɗa da tsalle, mun sa masa suna ɓatacce. Wa ya zaunar da shi ya tambaye shi me ya je nema? Wataƙila can ne aka fara tambayarsa ko ya ci abinci.

Dattawa biyu, kowa da furfurarsa, sun daina gaisawa tun wata gardama a kan baftismar nutsarwa da ta yayyafi. Amma ranar Jibin Ubangiji daga faranti ɗaya suke ɗaukar gurasa, kowa ya rufe ido kamar waliyyi. Baba, da girmanka, wa kake ruɗi? Ɗankwali, wando, 'yan kunne, harsuna, zakka: mun yi ta yanka juna a kansu a Facebook, a gaban maƙwabtanmu da muke addu'a su san Almasihu. Suna karantawa fa. Yesu ya faɗi alamar da za a gane almajiransa da ita a Yahaya 13:35, wato ƙaunar juna, ba iya gardama ba.

Kakata 'yar Kaltungo ce, inda 'yan mishan na SIM (Sudan Interior Mission) suka sauka a 1917. Karatunta bai yi nisa ba, amma tana da tsohon Littafi Mai Tsarki na Hausa, irin fassarar nan ta 1932, a naɗe cikin zane. In kuka tambaye ta yadda bishara ta shiga gidansu, ba ta fara muku da wa'azi. Da gyambon ƙafar wanta take farawa, da hannun da ya wanke shi kullum har ya warke. Bayan haka ne suka zauna suka saurara. Mun gaji Littafin, mun ƙara da digiri a kansa. Ruwan ɗumin da tsumman wanke gyambon fa, wa muka bar wa?

Dubi Bilkisu da mijinta Akila a Ayyukan Manzanni sura 18. Afolos ya zo Afisa, gwanin magana, masanin Nassi, amma baftismar Yahaya kaɗai ya sani. Koyarwarsa da giɓi, kuma a fili yake yinta. Ba su miƙe cikin majami'a sun ƙaryata shi ba. Suka ja shi gefe, suka ƙara bayyana masa hanyar Allah sosai. Mutumin da aka gyara a keɓe shi ne ya haye Akaya ya zama babban taimako ga masu bi. Da ni ne a wurin, da na rubuta masa sakin layi bakwai a zaure, da kuma mun rasa Afolos.

Na san wani zai ce ai Bulus ma a gaban kowa ya tsauta wa Bitrus a Antakiya. Haka ne. Amma Bitrus shugaba ne, abin da ya yi kuma yana jan wasu, har Barnaba ya bi. Sannan ka koma Galatiyawa 1:18: Bulus ya taɓa yin kwana 15 a wurin Bitrus. Sun san juna. Kai da kake shirin yi wa wani wankin babban bargo a bainar jama'a, kwana nawa ka yi a wurinsa? Ka san sunayen 'ya'yansa? Ka san ko an ɗora tukunya a gidansa jiya? In ba ka sani ba, ajiye wayar. Matiyu 18:15 ta ce ka je, tsakaninka da shi kaɗai. Ka je ɗin nan da ƙafa ake yinsa.

Na roƙe shi gafara a kan tabarmar nan. Ya ce, "Ba komai, Malam, ya wuce." Sauƙin da ya yafe mini ya fi zagi zafi. Na dawo gida na rubuta a zauren da na kunyata shi, cewa ayoyin suna nan daram, amma na yi wa ɗan'uwana laifi a gabansu, a gabansu kuma nake tuba. Waɗanda suka yi ta tura mini "Wuta!" ran nan, mutum uku ne kawai suka amsa. Ba na jin haushinsu, ni na koya musu tafi.

Don Allah, 'yan'uwa, ku duba. Wa ya fita daga zaurenku shiru? Wurin wa ya zama fanko a benci kuka ce zai huce? Wa ka kayar da aya, ka tafi kana murna, ba ka waiwaya ka ga yadda ya tashi ba? Mama, ke da kika daina amsa gaisuwar wance saboda ta canja coci, yaushe rabonki da ƙofarta? Kada ku jira Lahadi. Kada ku tura saƙo. Ku je.

Ya yarda in faɗi wannan: an ce yarinyar za ta buƙaci wata ledar jini. Matata za ta dama kunun gyaɗa da sassafe. Mazan da za su iya ba da jini, mu haɗu a ƙofar coci gobe ƙarfe bakwai, kuma kowa ya karya kumallo kafin ya fito.