Kalangun lantarki da gwiwar hannun ƙanin matata

Duk wanda ya ga bidiyon nan da ƙanin matata ya watsa a guruf ɗin unguwa, inda nake kokawa da kalangun lantarkin da na haɗa a gaban jama'a a situdiyo, to ga abin da wayarsa ba ta ɗauka ba.

Oga mai situdiyo na Tudun Wada ne ya dame mu da kukan tsadar fad ɗin ganguna na kanti, wato faifan da ake bugawa kwamfuta ta fitar da sautin ganga, na ce ya ba ni kuɗin kaya kawai in haɗa masa. Kayan ba yawa. Arduino Pro Micro guda, ɗan allon lantarki da ake rubuta wa umarni, don cif ɗinsa ATmega32U4 ne, da ka sa masa manhajar MIDIUSB kwamfuta za ta karɓe shi a matsayin kayan kiɗa. Kada wani ya lallaɓe ka da Uno mai cif ɗin CH340 wai ya fi araha, FL Studio, manhajar haɗa kiɗa, ba zai gan shi ba sai da 'yan dabaru. Sai resisto 10k huɗu, tef ɗin jan ƙarfe, falanki da robar tiyub ɗin mota. Velostat, baƙar ledar nan da ke ƙara barin wuta ta wuce idan an danna ta, na zaga Sabon Gari har PZ ban samu ba, sai na koma ga baƙin soson da ake tsira ƙafafun IC a ciki, wanda masu gyaran rediyo ke zubarwa. Baƙin fa. Mai ruwan hoda ba ya wuce da wutar da za a auna.

Tef a ƙasa, soso a tsakiya, tef a sama, roba ta rufe. Na sama ya tafi VCC, ƙafar Arduino mai ba da wuta, na ƙasa ya tafi A0, ƙafar da ke auna ta, daga A0 resisto ya sauka GND, wato ƙasa. Haka har A3, fad huɗu ke nan. Arduino na karanta 0 zuwa 1023. Da karatu ya haura iyakar da ka sa, jira kamar milisakan 5, ɗauki mafi girma, ka matse shi tsakanin 1 da 127, shi ne ƙarfin bugu. Kada ka bari ya zama 0, don a MIDI, yaren da kayan kiɗa ke magana da kwamfuta, wannan umarnin kashe sauti ne. Fad uku na ba su tasha ta 10 da lambobin ganguna 36, 38 da 42. Na huɗu shi ne abin tinƙahona: kalangu. Piezo, ɗan faifan da aka saba sa wa fad, bugu kaɗai yake ji, soso kuwa yana jin matsi muddin hannu na kai, don haka na ɗaura matsin a kan jan murya, daga 8192 zuwa 16383, yadda makaɗi ke matse tsarkiya a hammata murya ta hau. Tasharsa daban, domin jan muryar duk abin da ke tasha guda yake kwasa.

Abu ɗaya ku riƙe. Soso ba ya komawa daidai inda yake bayan an danna shi, shi ya sa a lokacin duk sanda aka jona kebul, na'urar kan ɗauki daƙiƙa biyu tana auna kowane fad, abin da ta samu shi ne sifilinta.

Ranar, Baba mai kalangu ya zo daga cikin birni za a ɗauki kiɗan bikin wasu mahauta. Ɗaki cike. Oga, da ba a tambaye shi ba, ya ce, "Baba, ga yaronmu nan ya haɗa kalangun lantarki, har magana yake yi." Baba ya gyara zama, ya ɗora nasa a cinya, ya ce, "To madalla. Bismilla, ɗana."

Nan aka ɗauke wuta. Aka ta da janareto, Oga ya jona cajar kwamfuta mai ƙafa biyu don batirin ya daɗe da mutuwa. Ni na juya ina kunna sifika.

Ina juyowa, kafin in taɓa komai, lamba 42 ta kama kiɗa ita kaɗai. Tsit-tsit-tsit-tsit, ba tsayawa. Na ɗaga hannuwana sama don kowa ya shaida ba ni ba ne, abin da ya ƙara ɓata lamarin, don wani yaro da ke bakin ƙofa ya ce a'uzubillahi ya ja baya. Na yi murmushi irin na wanda ya san abin da yake yi, na ce wannan gwaji ne, ga ainihin abin. Na sa yatsa a kan kalangu. Shiru. Na buga. Shiru. Na sa babban yatsa, na sa tafin hannu, na sa hannu biyu, gumi na bin gemuna, ita kuwa tsit-tsit tana ta aikinta. Oga ya ce, "Injiniya, ko a kashe a kunna?" Na ce a'a. Na tattare riga, na miƙe kan yatsun ƙafa, na sauke duk nauyina a kan falankin.

Sai ya yi magana. Murya ɗaya, daga ƙasa ta haura can ƙololuwa ta maƙale tana rawa, sak akuyar da igiya ta shaƙe. Na ɗan sassauta, ta faɗo. Na numfasa, ta sake haurawa. Wato duk numfashin da na ja sai sifika ta sanar wa Tudun Wada.

Baba bai yi dariya ba, da ma ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya karkata kai yana saurare da gaske, sannan ya ce, "Yana magana kam. Amma ɗana, wane yare ne?" Ɗaki ya fashe. Da aka lafa ya ɗaga nasa, ya matsa sau biyu a hankali, ya kaɗa wani abu gajere. Ban san me ya ce ba, amma mahautan nan biyu sai da ɗaya ya zauna a ƙasa. Har yau ba wanda ya yarda ya fassara mini.

Tsit-tsit ɗin ba aljanu ba ne. Caja mai ƙafa biyu ba ta da wayar ƙasa, sai gurnanin wuta mai zagaye 50 a daƙiƙa ya bi dogayen wayoyin fad ya riƙa kaɗa karatu sama da ƙasa a daidai bakin iyaka, kowace haurawa bugu guda. Maganinsa iyaka biyu: a kunna a 100, kada a kashe sai an sauko 60. A gajarta wayoyi, a murɗe kowace da ta GND. Kafasito 100nF na rage ƙananan tartsatsi, amma bai isa ya tare wannan gurnanin ba.

Shirun kalangu kuwa, wannan aikin mutum ne. Sanda na juya baya, ƙanin matata ya zare kebul daga jikin Arduino zai yi cajin waya, ya ga bakin bai shiga tasa ba, ya mayar, alhali gwiwar hannunsa na dafe kan fad na huɗu. Na'ura ta auna nauyinsa ta ce wannan ne sifili. Dole sai na fi shi nauyi kafin a ji ni, kuma ɗan abin da ya rage zuwa 1023 shi ya ɗauke jan muryar gaba ɗaya.

Yaron nan ba wanda ya gayyace shi. Rakiya ya ce zai yi mini zuwa Kwangila, ya ƙare a situdiyo. Shi ne ya ari ƙarfen liƙa dalmana ya huda belt da shi. Shi ne ya cinye naman da aka ajiye wa Baba, ya ce ya zaci na kowa ne. Kuma a bidiyon ya yanke inda ya zare kebul, ya fara daga inda nake tattare riga. Da na kai ƙara wajen yayarsa, cewa ta yi, "Ai yaro ne," mutumin da ke da gemu ya fi nawa.

Yanzu na sa maɓalli, ba ta auna sifili sai na danna. Oga ya ce in kawo ran Asabar a sake gwadawa, amma ba ranar da Baba zai zo ba. Kebul ɗin ma ban gan shi ba tun ranar.