Wai mu ba a saba tambayarmu ba

Saƙo ne ya shigo mini a waya daga asibitin unguwar da nake zaune, a wani gari kusa da Manchesta, wai ana gayyatar duk mai rajista a wurin zuwa taron kwamitin marasa lafiya ranar Laraba da yamma. Na ɗauka irin saƙon nan ne da suke turowa duk sanda ka ga likita, suna tambaya ko ka gamsu da yadda aka karɓe ka, har na kai hannu zan goge. Maiɗakina ce ta ce in daure in je, ko don in amayar musu da abin da ke cikina a kan wayar ƙarfe takwas.

Sai na yi muku bayanin wayar nan kafin ku gane. A Ingila ba ka wayi gari da zazzaɓi ka nufi babban asibiti ka yanki kati. Kowa yana da ƙaramin asibitin unguwa inda sunansa yake, wurin likitocin da ake ce wa GP, kuma su ne ƙofa: in ba su tura ka ba, ba ka ganin ƙwararren likita, sai fa in abin gaggawa ne. Ba a karɓar ko kwabo a bakin ƙofa, haka tsarin kiwon lafiya na gwamnatinsu, wanda ake ce wa NHS, yake tun da aka kafa shi a 1948, ko da yake mu baƙi masu bizar aiki an riga an zare mana fam 1,035 na kowace shekara tun wurin neman biza. Ganin likitan kuwa sai an ba ka lokaci, kuma lokacin minti goma ne. Ƙarfe takwas na safe ake buɗe layin waya, sai unguwa guda ta danna lamba ɗaya a lokaci ɗaya. Wata murya ta ce maka akwai mutum ashirin da wani abu a gabanka, a sa maka kiɗa mai sanyi kana ji, yaro na ƙona maka cinya da zafin jiki. Layi ya zo kanka, a ce guraben yau sun ƙare, ka sake bugowa gobe.

A ɗakin jira aka yi taron, bayan an tashi aiki. An ja kujeru an yi da'ira, ga butar shayi a kan teburin da ake ajiye takardun talla, ga biskit a faranti. Kusan duk 'yan fansho ne, kawuna fari fat, kowa da tabarau rataye a wuya da ɗan littafin rubutu. Daga ɓangaren asibiti akwai manaja, wadda ba likita ba ce, ita ke riƙe da kuɗi da ma'aikata, sai likita ɗaya. Sakatariya ta fara karanto abin da aka ce a zaman baya, da sunan wanda aka ɗora wa kowane aiki. Sannan wata tsohuwa mai tura keken dogarawa ta ɗaga hannu. Ta ce ƙofar shiga ta yi mata nauyi, sai ta tsaya cikin ruwan sama tana jiran wani ya buɗe mata. Ta ce talabijin ɗin da ke nuna sunan wanda layi ya zo kansa ba ya magana, to mai raunin gani fa? Ba ta sassauta murya ba, ba ta fara da neman afuwa ba. Manajar, wadda a haife tsohuwar ta haife ta, ta rubuta, ta ba da haƙuri, ta faɗi watan da za a kawo mai gyara. A bayanta akwai allo da aka raba gida biyu, gefe ɗaya "kun ce", ɗayan "mun yi". A ciki na ga cewa yanzu kana iya ajiye waya su kira ka idan layi ya zo kanka, abin da ban ma sani ba. Har abin da suka kasa, maganar wurin ajiye mota, sun rubuta shi da dalilinsa.

Abin ya burge ni, ba zan yi ƙarya ba. Da a nan aka tashi, da yabo zan rubuta muku.

Wurin shan shayi ne shugaban kwamitin, wani dattijo mai fara'a, ya tambaye ni daga ina nake. Na ce Najeriya, jihar Kebbi. Ya dafa kafaɗata ya ce lallai wannan zama zai zame mini sabon abu, don ya san a can ba a saba tambayar mutane ra'ayinsu ba. Ba da mugun nufi ya faɗa ba, shi a ganinsa maraba yake yi mini. Na yi masa murmushin baƙo. Amma har na isa gida maganar tana ci na.

Su wannan al'ada tasu ba ta wani tsufa ba. A 1972 aka fara irin wannan kwamiti a wani ƙauye kusa da Oksfod, kuma asibitoci da yawa ba su kula ba sai da aka sa shi cikin sharuɗɗan kwangilar likitocin unguwa a Afrilun 2015. Ke nan sai da aka ɗaure su da takarda kafin su zauna da marasa lafiyarsu. Ko yanzu ma, a asibitin da ke da dubban mutane a rajista, waɗanda suka zo ba su cika kujerun ɗakin jira ba. Ba mai goyo ko ɗaya, ba mai aikin dare, ba matashi. Iyakar aikin hannu da na ji sun ambata shi ne tsayawa a ƙofa ranar allurar mura suna nuna wa mutane hanya.

Yayana shi ne sakataren kwamitin asibitin sha-ka-tafi na garinmu, a ƙasar Argungu. Shekarar da iskar farkon damina ta yaye kwanon ɗakin haihuwa, ba wasiƙa suka rubuta suka zauna jira ba. An yi shela a masallaci bayan sallar Juma'a, mai kwano ya kawo, mai ƙusa ya kawo, kafintan gari ya hau bai karɓi kuɗin aiki ba. Su suka gina wa ungozoma ɗaki a cikin harabar don ta riƙa kwana a gari, saboda naƙuda ba ta san an tashi aiki ba. Yaya yana da wani littafi mai bangon kwali da ya rubuta sunayen samarin da suka yarda a tashe su cikin dare a ɗebi jininsu. Akwai direba a tasha da duk mai mata da tsohon ciki yake da lambarsa. In aka yanke shinkafa, ana fitar da ɗan abin da ya samu a sayi abin da ya lalace. Wannan duka ba da shayi da biskit ake yi ba. Su a nan baki suke kawowa taro, mutanenmu kuwa ƙarfinsu da aljihunsu da jininsu suke kawowa, sannan wani ya dafa ni ya ce ba mu saba ba.

Ko a takarda ma ba a bar mu a baya ba. Tun 1987 ministocin lafiya na Afirka suka amince a Bamako cewa jama'ar gari su sa hannu a tafiyar da ƙananan asibitoci da asusun magani, zamanin da Farfesa Olikoye Ransome-Kuti ke ministan lafiya yana ta fama a kan lafiya matakin farko. Hukumar da ke kula da wannan fanni ta ƙasa an kafa ta a 1992. Dokar lafiya ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya don asusun lafiya na matakin farko, kuma a tsarin, shugaban kwamitin jama'a na mazaɓar da asibitin yake yana cikin masu sa hannu kafin a taɓa kuɗin asibitin. Dattijon nan na Ingila ba ya sa hannu a kan ko fam ɗaya na asibitinsa, shawara kawai yake bayarwa. Kebbi tana da mazaɓu 225 a ƙananan hukumomi 21, kuma ko wacce ana son ta samu irin wannan kwamiti. Da aka ayyana Najeriya ta rabu da ƙwayar shan inna ta daji a Agustan 2020, kowa ya san ba daga ofis aka ci wannan nasara ba, iyayen ƙasa da hakimai da limamai da matan da ke shiga gida gida ne suka sa aka buɗe ƙofofin da aka rufe. Da aka fara allurar rigakafin zazzaɓin cizon sauro a Kebbi da Bayelsa a Disamban 2024, a garinmu bakin su Yaya ne ya fito da iyaye mata.

To, akwai abin da suka fi mu, in ban faɗa ba na yi son kai. Su in sun yi magana ana ba su amsa, a rubuce, da rana. Akwai kuma hukumar CQC da ke zuwa duba asibitin, takan zauna da 'yan kwamitin ta ji ta bakinsu, ta ba asibiti ɗaya daga cikin matakai huɗu, kuma dole a manna sakamakon inda kowa zai gani. Manajar nan ba don kirki kawai take rubutu ba, ta san akwai mai tambayarta. Mu kuwa kuka yana tsayawa ne a inda aka yi shi. Kwanan baya Inna ta je awon hawan jini tun da hantsi, ta zauna a benci har azahar, malamin asibiti ya zo ya ce batirin na'urar ya mutu, ta dawo jibi. Da na ji raina ya ɓaci, na ce Inna me ya sa ba ki yi magana ba? Ta ce, "Auta, ɗan wance na, gabana anka haihe shi. Mi za ni ce mishi?" Shi ma yaron in ka bi ta tasa, ba shi ke sayen batiri ba, kuma shi kaɗai ne a kan aikin mutum uku. In ta yi masa faɗa, shi wa zai kai wa? Maƙwabtanmu na Zamfara sun ga iyakar wannan a 2010, lokacin da gubar dalma daga dutsen zinariya da ake daka a cikin gidaje ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da 'Yargalma. Iyayen yaran sun riga kowa sanin ana mutuwa, su ke kai su makwanci. Kunnen da zai ji ne ya yi nisa, sai da likitocin ƙungiyar agaji ta duniya, MSF, suka iso.

Amma ko wannan ɗin, in ka duba da kyau, ba halin mutane ba ne, kuɗi ne. Ƙorafi yana da daɗin yi a inda akwai kasafin da zai share shi. Za a gyara wa tsohuwa ƙofarta don akwai asusun gyaran ƙofa. Ka ɗauko 'yan fanshon nan da littattafansu ka ajiye su a asibitin da ba wuta, ba ruwa, ba magani a kanta, ka ga ko zama nawa za su yi kafin su daina zuwa. Mutanenmu ba su daina ba.

Sannan ga abin da ya fi tsaya mini. Likitar da ta zauna da mu a taron, wadda take gyaɗa kai tana sauraren maganar ƙofa, 'yar Najeriya ce. Da ta ji harshena ta gane, muka gaisa a gefe, ta faɗa mini jami'ar da ta yi a gida. A ƙasarmu ta koyi aiki, a jikin marasa lafiyarmu ta ƙware, yanzu ga ta tana ba tsofaffin Ingila minti goma goma. Ban ga laifinta ba, ni ma ai ba yawon buɗe ido ya kawo ni ba. Sai dai a ce wanda asibitinsa ke tsaye da likitocinmu da nas-nas ɗinmu shi ne zai tausaya mini a kan ba a sauraronmu, wannan ne ban iya haɗiyewa ba. A garinmu ba a taɓa ajiye mana likita ba, malamin asibiti ne likita, shi ne mai ba da magani, wata rana shi ne mai shara.

Na kira Yaya na zayyana masa komai, da allon, da tsohuwar, da maganar dattijon. Na ce Yaya, me zai hana ku ma ku riƙa rubuta abin da mutane suka ce, ku kai ƙaramar hukuma, ku nemi amsa a rubuce? Ya yi dariya ya ce, "Auta, wa za shi kai? Ku da kunka iya magana da manya duk kun tahi. Wani na Abuja, wani na Kaduna, kai kana can kana gyara wa Turawa ƙohwa." Ya lissafo mini 'yan ajinmu ɗaya bayan ɗaya, waɗanda za su iya shiga ofishin daraktan lafiya ba tare da sun tuɓe takalmi a zuci ba, babu ko ɗaya da ke kwana a gari. Muna cikin zauren WhatsApp na 'yan gari, muna turo kuɗi in an yi rasuwa ko an tashi gyara, muna turo dogayen saƙonnin murya a kan yadda ya kamata a yi. Ranar zaman kwamiti kuwa, shi da liman da wasu dattawa ne a kan tabarma.

Na ce zan turo kuɗin batirin sola na firij ɗin allura, da na na'urar awon jini, amma ina roƙon abu ɗaya: a sa mata a zaman, ba suna a takarda ba, tunda su ke cika bencin asibitin ranar awo da ranar rigakafi. Yaya ya ce shi ba ya ƙi, amma ba shi ke da gari ba. Inna da na taɓa mata, ta ce ita kam ba ta zama cikin maza tana ɗaga murya da tsufanta, sai dai ta nuna mini wata maƙwabciyarmu, tsohuwar ungozomar gargajiya, wadda ta ce ko gaban uban ƙasa ba ta jin nauyin faɗin gaskiya. Yaya ya ce zai kai maganar wurin hakimi, amma sai an gama yankan shinkafa, yanzu kowa yana fadama.