"Wa ya san su?" ba hujja ba ce

Abin da aka yi wa yaron nan jiya bai yi min daɗi ba, kuma ba zan yi shiru ba. Kun dai gani. Kowa na ta ɗora jerin waƙoƙinsa na ƙarshen shekara da manhajar sauraron waƙa ta Spotify ta fitar masa a shafukan sada zumunta, shi ma ya ɗora nasa, sai manya da gemunsu suka yi masa caa. Wai waɗanne aljanu ne waɗannan, wai ko shi ya ƙirƙiri sunayen, wai yaro na neman nuna ya fi kowa wayewa. Sai da ya goge. Kuma duk cikin masu dariyar nan babu mutum ɗaya da ya ce ya saurara bai ji daɗi ba. Da haka aka ce, da ban ce uffan ba, domin kowa da irin kunnensa. Abu ɗaya kawai suke ta nanatawa: wa ya san su?

Malam, wannan tambayar taka ba ta taɓa waƙar ba ko kaɗan. Abin da kake tambaya shi ne nawa aka kashe wajen tallata su, wane kamfani ne ya tsaya musu, wane gidan rediyo ne ya yarda ya sa su. Tambayar kasuwa ce. Kai da kanka ka san mai tsiren da ya fi kowa iya gashi a unguwarku ba shi da allon talla, yana can cikin lungu da fitilarsa guda, kuma ba ka taɓa ƙin cin namansa don mutanen Abuja ba su san sunansa ba. To me ya sa da an zo kan waƙa sai ka koma ƙirga kawuna?

Na ga sunan American Football a saman jerin yaron, kuma a kansa aka fi yin dariya, wai ashe ƙwallo yake saurare. To bari in gaya muku su waye. Ɗalibai uku ne a Jami'ar Illinois da ke Amurka: Mike Kinsella, Steve Holmes da Steve Lamos. A 1999 wani ƙaramin kamfani mai suna Polyvinyl ya fitar musu da kundi guda, suka gama karatu, kowa ya kama gabansa. Ba su yi yawon tallata shi ba, rukunin ma watsewa ya yi. A lokacin da za ka tsaya a titin garinsu ka ce wa ya san su, da kai ke da gaskiya, babu kowa sai abokansu. Amma kundin bai mutu ba. Wannan ya ba wancan, wancan ya tura wa wani, yara masu koyon jita a ɗakunansu suka riƙa zama suna warware yadda aka ɗaure wayoyin jitar, domin ba ɗaurin da aka saba ba ne. Da suka dawo a 2014, bayan shekara goma sha biyar, tikitin wasanninsu ƙarewa ya riƙa yi. Gidan katakon da ke bangon kundin, wani gidan hayar ɗalibai ne a garin Urbana, ya zama wurin da mutane ke tahowa daga nesa su ɗauki hoto, har a 2023 su mawaƙan da kamfaninsu da wasu abokai suka haɗa kuɗi suka saye shi. Waƙar da aka ɗauka a 1999 ita ce dai ake ji yau, ko harafi ba a ƙara mata ba. Da ba a san ta ba, mummuna ce? Da aka san ta ne ta yi kyau?

Ka zauna ka ji ta tukuna. Jita biyu ne suke tafiya, kowace da hanyarta, suna haɗuwa suna rabuwa, babu mai danne wata. Gangar ba ta bin ƙidayar da ƙafarka ta saba, za ka ɗauka ka kama ta sai ta zame. Can sai mai gangar ya ɗauki abin busa ya saki wani sauti siriri, a hankali, ba gaggawa. Muryar mawaƙin ba ta gwanaye ba ce, wani wurin har rawa take yi, kuma haka aka bar ta. Wannan barin da aka yi shi ne abin da nake so. Mutum ne ɗan shekara ashirin da 'yan kai yake faɗin yadda rabuwa ta yi masa, ba tare da an wanke muryarsa da na'ura ba.

Wani kuma ya rubuta wai masu emo, wato nau'in kiɗan da su American Football ke yi, ai su ne masu shafa baƙin kwalli su rufe ido ɗaya da gashi. Wannan hoton na shekarun 2000 ne, lokacin da manyan kamfanoni suka gano akwai kuɗi a ciki. Abin ya girmi haka da shekara ashirin. A birnin Washington ya fara, wajen 1985, lokacin da wasu matasa masu kiɗan punk, wani nau'in kiɗan jita mai zafi da sauri, suka gaji da doke-doken da ake yi a wuraren wasa, suka ce za su riƙe ƙarfin kiɗan amma su yi maganar abin da ke cikin ransu. Rites of Spring su ne kan gaba, kundi guda suka fitar a kamfanin Dischord a wannan shekarar, ba su daɗe ba suka watse. Mawaƙinsu Guy Picciotto ya haɗu da Ian MacKaye, wanda da shi aka kafa Dischord a 1980, a rukunin Fugazi. Su kuma Fugazi, ku ji da kyau masu tambayar wa ya san su, da gangan suka ƙi. Manyan kamfanoni sun neme su, suka ce a'a. Kuɗin shiga wasansu suka tsayar a kusan dala 5, suka ce yara ma su shigo, ko rigar talla mai sunansu ba sa sayarwa. Akwai mutanen da rashin shahararsu zaɓi ne, sun ga hanyar sun ƙi bi. Kai kuma ka zo kana auna su da ma'aunin da suka yar tun kafin a haife ka.

Labarin da ya fi kashe wannan tambaya gaba ɗaya shi ne na Panchiko. Yaran makaranta ne a Nottingham ta Ingila, suka ɗauki waƙoƙinsu a 2000, suka buga faifan CD kaɗan suka aika wa kamfanoni, ba wanda ya kula. Suka haƙura, kowa ya nemi aikin yi. A 2016 wani ya tsinci ɗaya daga faifan a shagon gwanjo, ya ɗora hotonsa a intanet yana tambaya ko akwai wanda ya san su. Babu. Faifan ma ya fara lalacewa saboda daɗewa, sautin na ƙarce-ƙarce yana tsinkewa, amma duk da haka mutane suka kamu da shi, suka shiga neman masu shi. Sai a 2020 aka gano ɗaya daga cikinsu ta Facebook, bai ma san ana cigiyarsu ba. Yanzu sun dawo, suna zagaya ƙasashe suna cika ɗakunan wasa. Shekara goma sha shida faifan nan yana kwance babu wanda ya san shi. Haka Duster na San Jose, kundinsu na 1998 ya wuce shiru, sai da kamfanin Numero ya sake fitar da ayyukansu a 2019 sannan yaran da ba a haifa ba lokacin suka mayar da su nasu. Parannoul kuwa, wani matashi ne a Koriya ta Kudu da ya ƙi bayyana sunansa, ya haɗa kundi a ɗakinsa da kwamfuta, ya ɗora a Bandcamp, shafin da mawaƙa ke sayar da waƙoƙinsu a intanet, a 2021, ya zagaye duniya. Wannan ko sunansa ba a sani ba, balle a ce wa ya san shi.

Na san abin da za a ce. Waƙar Turawa ce, ba ma jin abin da suke faɗa. Haba jama'a. Mu da muka tashi muna rera waƙoƙin finafinan Indiya daga farko har ƙarshe, iyayenmu mata na share hawaye a gaban talabijin, wa ya taɓa jin Indiyanci a cikinmu? Wannan ba dalili ba ne, mu wuce. Wai kuma waƙar baƙin ciki ce, tana karya zuciya. To wa ya ce maka mai baƙin ciki ganga da rawa yake nema? Wani lokacin abin da yake so kawai ya ji akwai wanda ya taɓa shiga irin halinsa ya faɗa da baki. Samarinmu da yawa suna fama da abubuwa a ciki, an koya musu namiji ba ya kuka, ba su da wanda za su gaya wa. In yaro ya samu waƙar da ta faɗa masa abin da ya kasa faɗa, ban ga abin dariya a nan ba. Masu kawo maganar halasci ko haramcin kiɗa kuwa, wannan zance ne na malamai, kuma ba shi ake yi ba, tunda masu dariyar su ma jerin waƙoƙinsu suka ɗora.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne, mu ne ya kamata mu fi kowa fahimtar wannan. Mdou Moctar ɗan Nijar ne, Ba'abzine, da wayar birkin keke ya haɗa jitarsa ta farko. Kundinsa na farko a Sakkwato ya ɗauke shi a 2008, da irin gyaran muryar nan na waƙoƙin finafinan Hausa. Babu kamfani, babu talla. Daga waya zuwa waya waƙoƙin suka riƙa tafiya, ta Bluetooth da memori, har suka kai Mali da Muritaniya. Ta haka wani Ba'amurke mai ƙaramin kamfanin Sahel Sounds ya ji shi, ya sa waƙarsa a wani tarin waƙoƙin wayoyin Sahara, ya shiga nemansa. A 2021 kamfanin Matador na New York, gidan da ya fitar da Pavement da Yo La Tengo, ya fitar masa da Afrique Victime. Yanzu duk mai bin waƙoƙin indi, wato na mawaƙan da ba sa ƙarƙashin manyan kamfanoni, a Amurka da Turai ya san sunansa. A Sakkwato fa aka fara. Mutum nawa ne cikinmu suka ji shi kafin Turawa su yaba? Da a 2008 wani yaro ya ɗora sunansa, da irin ku ne za ku fara cewa wa ya san shi. Kuma na tabbata yanzu haka akwai wani a wani ƙaramin sutudiyo a Kano ko Damagaram yana yin abin da babu mai yi, muna tsallake shi saboda mabiyansa ba su kai ɗari biyar ba.

Wannan ɗabi'a tana da illa ta zahiri. Tun 2024 Spotify ta daina biyan ko sisi a kan waƙar da ba a saurara sau 1,000 ba cikin shekara guda. Ma'ana ita ma manhajar tambayarku take yi, in ba a san ka ba ba ka da rabo. Sannan ita ce ke zaɓa maka abin da za ka ji na gaba, kuma abin da mutane suka riga suka yi wa yawa shi take ƙara turowa. Shi ya sa jerin mutum goma za ka duba ka ga sunaye biyar ne ke ta juyawa. Ba na zagin waɗannan biyar ɗin, wasunsu ni ma ina jin su. Amma wanda ya fita daga layin nan ya je ya tono wani abu da kansa, ya yi aikin da ku ba ku yi ba. Kamata ya yi a ce masa turo mana mu ji.

Ƙanena, in kana karanta wannan, mayar da jerinka. Kuma tunda kunnenka ya kai nan, ƙara gaba. Nemi Cap'n Jazz, rukunin da Mike Kinsella ya fara kaɗa ganga a ciki tare da yayansa Tim suna yara, hayaniya ce zalla amma mai rai. Nemi Diary na Sunny Day Real Estate, na 1994, waɗanda biyu daga cikinsu suka koma shahararren rukunin Foo Fighters daga baya. Mineral na Texas in dare ya yi kana son abin da zai fara a hankali ya tashi da kai sama. Rainer Maria saboda muryar Caithlin De Marrais, don kada wani ya ce maka harkar ta maza ce kaɗai. The Hotelier, kundinsu na 2014, amma wannan ka shirya masa, maganar rashin aboki ce da abin da ke biyo bayanta, yana da nauyi. In ka samu hali ka sayi ko waƙa ɗaya a Bandcamp, can mafi yawan kuɗin hannun mai waƙar yake shiga.

Sai dai don Allah, da kai da duk wanda zai gwada, kada ku ji waɗannan ta lasifikar waya. Kuma kada ku ji su da iyafis ɗin nan mai kunne ɗaya. Irin wannan kiɗan ana raba jitocin ne, wata dama wata hagu, in kunne ɗaya ya mutu rabin waƙar ka ji, sai ka zo kana cewa ba ta da daɗi. Ni wannan masifa ta iyafis ma ta ishe ni. Ka saya a danja, mai sayarwa ya rantse maka orijina ne, ka je gida kwana kaɗan sai ka riƙa murɗa wayar a gindin filogi kana neman inda sautin zai dawo, ka riƙe da yatsa kada ka motsa. Masu kyaun kuma an ɗora musu kuɗin da ya kusa na ƙaramar waya. Masu shagunan kayan waya da ke bina, wanne ne tsakatsaki, mai igiya, wanda zai yi wa ɗalibi shekara bai mutu ba? Ku rubuto sunansa da farashinsa a ƙasa, akwai masu buƙata da yawa.