Tsagar Kalangai a bayan ɗakin Kaka

Ina aji uku a jami'a, ina karatun ilimin duwatsu, aka kwashe mu zuwa aikin fili wajen Zungeru. Kwana goma muna yawo da guduma da kamfas, muna auna inda shimfiɗar dutse ta dosa da yadda ta karkata. A can na ga dutse ya lanƙwashe kamar an naɗe tabarma, na kuma taka tsagar Kalangai da ta ratso ta yankin Birnin Gwari, inda ɓangarori biyu na ƙasa suka gogi juna har dutse ya niƙe. Malaminmu ya ce abin ya faru kimanin shekara miliyan 600 da suka wuce. Na dawo gida kaina ya fi tulu girma.

Daren farko na tasa Kaka gaba. Na ce mata ƙolin Everest, wanda ya fi kowane dutse tsawo a duniya, a da ƙarƙashin teku yake. Indiya ce ta tunkuyi Asiya shekara miliyan 50 baya, ƙasa ta tattare ta yi sama. Ta dube ni, ta dubi Baba, ta ce, "Alhaji, a samo wa yaron nan rubutu ya sha."

Ana haka Baba ya kira mai haƙar rijiya, wani dattijo da ya haƙa rabin rijiyoyin garinmu. Na ce ga ranata ta zo. Abin da na sani kuwa gaskiya ne: a irin ƙasarmu, in ka wuce jar ƙasa da marmara, dutse ne mai tauri, ruwa ba ya zama a cikinsa sai inda ya ruɓe ko ya tsage. Kenan wanda ya gano tsaga ya gano ruwa.

Ban yi nisa ba na same ta. Katangar bayan ɗakin Kaka ta dare daga sama har ƙasa, gefe ɗaya ya zame da kamar yatsa biyu. Na ɗora kamfas, ta nuna arewa maso gabas, daidai inda Kalangai ta dosa! Har hannuna rawa yake.

Dattijon ya sosa gemu ya ce, "Injiniya, ni da za a bi tawa, gindin ɓauren can za mu haƙa."

Na ce, "Baba, wannan kimiyya ce."

Ya ce, "To, Allah ya ba da sa'a," ya tofa yawu a tafi ya ɗau diga.

Ƙasar ta yi laushi, abin sha'awa. Ina tsaye a bakin rami da littafi, ina yi wa yaran unguwa bayanin yadda dutse ke ruɓewa a kan tsaga. Gaba ɗaya da rabi, ƙasa ta koma baƙa wuluk, ga danshi. Na ce, "Kun gani?" Sai digar ta fito da fasasshiyar buta, sannan warin takalmin roba. Daga nan iska ta juyo, yaran suka watse.

Kaka ta leƙo da carbi a hannu, hankali kwance. "Ai salgar kakanka ce. An cike ta shekarar da aka daina fam aka koma naira."

Wato 1973. Cikon ne ya zauna, katanga ta bi shi.

Na ce, "Haba Kaka, me ya hana ki faɗa?"

Ta ce, "Ka tambaye ni? Kai da ka san labarin shekara miliyan ɗari shida, na ɗauka na jiya ba zai gagare ka ba."

Kafin la'asar katangar ta ƙarasa faɗawa ramin, kuɗin gyaranta kuma daga kuɗin makarantata Baba ya zare. Dattijon ya samu ruwa a gindin ɓaure, gaba bakwai. Har yau in na shiga gari, yaran da ba a ma haifa ba a lokacin sai su ce, "Sannu da zuwa, Kalangai."